Bitirin ta jere ko armuwar ta ajiya? Ku ba mu shawara

Uwar Biyu (Lazare):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema don Allah, bikin ƙanwata bayan babbar salla ne in sha Allah kuma ni aka ɗora wa maganar katako, kuɗin da ke hannu ba za su ɗauki komai da komai ba dole sai an zaɓa. Ni a nawa ganin a yi mata armuwar babba mai ƙarfi ta tufafi da wata ƙarama ta madafa mai ƙofa inda za ta sa abinci da kwanukan da take aiki da su kullum, amma gwaggonninmu sun ce sam, bitirin ta gilashi ita ce farko, wai in babu ita da wane ido za su dubi dangin miji ranar kai amarya. Gidan haya ne a Bukoki nan Yamai, ɗaki da salo. Masu sani ku taimaka, wanne ya kamata a fara, kuma wane katako ne ba ya ba da kunya?

Inna ta Zongo:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kar ki raina maganar gwaggonninki, ba son burga ba ne kawai. Jere dukiyar mace ce. Mu zamaninmu langa da samira da kwalla aka jera mana har kusa da rufi, iyayenmu kuma ƙorai da tasa aka yi musu, kuma ranar da wahala ta zo wa mace, ciwon yaro ko rashin hatsi, cikin kayan nan take ciro saiti guda ta sayar ba wanda ya ji ba wanda ya gani. In zama ya ƙi kuma Allah ya kiyaye, kayanta ne, ta kwashe abinta. Bitirin ɗin nan da kuke gani ita ke tsare kayan daga ƙura da hannun yara.

Ƴar Yantala:
Inna ki yi haƙuri, wancan zamanin ne kwano ke riƙe darajarsa. Yanzu tangaran da kuloli na Sin da ake jerawa in kin sayo yau gobe kin kai kasuwa ko rabin kuɗin ba za a ba ki ba. Ni dai abin da nake gani a gidajen ƙawayena kullum iri ɗaya ne, bitirin ta cinye bango guda a salo cike da faranti da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, amma shinkafa da taliya na cikin buhu a ƙasa kyankyasai na yawo a kai, tufafi na cikin akwatuna an ɗora wani kan wani sai an sauke uku kafin a ciro zane ɗaya, takardun haihuwar yara kuma cikin leda ƙarƙashin katifa. Abin da ya fi bukatar rufi shi ne a waje. Uwar Biyu ina bayanki wallahi.

Inna ta Zongo:
To ai ke ba ke za ki tsaya gaban dangin ango ba ranar. Magana tana da nauyi a wurin nan, yarinya za ta shekara ana yi mata gori.

Kafintan Katako:
Salamu alaikum. Ni maganar gori ba tawa ba ce, amma ta katako zan iya sa baki tunda aikina ke nan a kasuwar Katako tun ina yaron shago. Hajiya Uwar Biyu, abu na farko ki sani kala uku ne ake haɗa armuwar da su a garin nan. Akwai katako na ainihi, ja da fari. Jan shi ne mai nauyi mai tsada, gara ba ta cika son shi ba, farin kuwa sauƙin aiki gare shi da araha amma abincin gara ne da ƙwaron da ke huda shi yana zubo gari. Akwai kontirplake, wanda aka manna falle-falle, yana zuwa faranti mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, kauri daban-daban, akwai mili 5 akwai 10 akwai 15 har 18. Sai na ukun wanda ake ce ma MDF, wato garin katako ne aka cakuɗa da gam aka danne da inji aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. Yawancin kayan da ake shigowa da su cikin kwali masu ɗaukar ido ɗin nan shi ne a ciki ko ɗan'uwansa mai ɓarɓashi. Ranar farko ya fi kowanne kyau, amma ruwa ya taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya fara zubewa, kuma in kin kwance kusar sau biyu ramin ya buɗe ba ta sake kamawa. Tunda kin ce gidan haya ne, mai haya kuwa bai san ranar tashi ba, ni ba zan ba ki shawarar shi ba ko kaɗan. A yi ƙashin da jan katako, jikin da kontirplake mai mili 15, bayan ne kawai za a iya sa siriri. Kuma ki ce a yi ta mai kwancewa gida biyu ko uku, ƙofofin gidajen haya na Bukoki na san su, sau da yawa ana kai armuwar ta ƙi shiga sai an dawo da ita an yanke.

Uwar Biyu (Lazare):
Na gode Malam, Allah ya saka. To ta yaya mu da ba mu san katako ba za mu gane ba a yi mana fari an shafa masa jan fenti ba?

Kafintan Katako:
Ki je tun kafin a shafa komai, shi ne kawai. Kar ki yarda a nuna miki aiki bayan an sha shi da barni. Ki danna farce a jikin katakon, farin zai lotsa jan ba zai lotsa ba, ki ɗaga guntu ki ji nauyi. Ki duba bayan armuwar da ƙasan tiruwar don nan ne ake ɓoye ha'inci. Wani abu kuma da mutane ba su lura da shi ba shi ne bushewa. Katakon nan ba namu ba ne, daga ƙasashen bakin teku yake zuwa, Najeriya da Gana da Kodibuwar da Benin, wuraren laima, in aka yi aiki da shi ɗanye da hunturu ya busa sai ya tsuke, ƙofa ta karkace ta bar rufuwa, wani ya tsage tun daga sama har ƙasa, damina ta zo kuma ya sake kumbura tiruwar ta ƙi fitowa. Dole a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a yanka. Shi ya sa nake ce wa iyayen amare ku ba da aiki da wuri, wanda ya zo saura sati biyu biki shi ke jawo wa kansa ɗanyen katako. Kuma maganar gaskiya kaya sun yi tsada tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, abin da ke shigowa ta Kotonu da can yanzu sai ya zagayo ta Lome da Burkina, to wasu suna rage kauri don su riƙe tsohon farashi. In kin ji araha ta yi yawa ki tambayi mili nawa ne.

Mai Walda (Talaje):
Duk wannan dogon bayani da Malam ya yi, na ja ne na fari ne ya bushe ne bai bushe ba, ƙarfe ya raba gardama. Gara ba ta cin tol, kusu ba ya huda shi, hunturu bai karkata shi. A yi mata ta ƙarfe a sha ta da antiruy mai hana tsatsa sannan fenti mai kyau, jikokinta sai sun gada.

Kafintan Katako:
Patoro ka faɗi rabi ka bar rabi. Faɗa musu tsatsa da ke cin ƙafafu in ana goge ɗaki da ruwa kullum, da yadda take zama cikin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, da ƙarar ƙofa in mutum ya buɗe da asuba. Don magaza da biro ban ƙi ba.

Mai Walda (Talaje):
Tsatsa ai daga rowar fenti take da siririn tol. A sa mata takalmin roba a ƙafa magana ta ƙare. Zafi kam na yarda, ban ce a sa turare da man shafawa a ciki ba.

Hajiya ta Tawa:
Sannunku da hira ƴan Yamai. Ni nan Tawa nike kuma na aurad da ɗiya ba ɗaya ba, to ku ji abin da na gani. Mu nan yawancin kayan ɗaki ta Ƙonni suke shigowa daga Sakkwato, wasu kuma ƴan bida ka aiko kuɗɗi daga Abija ko Libiya a ce a yi ma ƙanwa ko mata irin wadda anka gani cikin salula. Kyawo kam akwai shi. Amma gidajenmu da yawa na laka na, ƙasa ko an yi siminti bai kai ko'ina ba, gara kuwa daga ƙasa take hitowa ta bi bango, in kunka manna armuwar ga bango kunka aza ta bisa ƙasa kai tsaye to kun shimhiɗa mata hanya. Ba a ganin ta hwa, cikin duhu take aikinta ta baya, sai rad da anka jawo a iske bayan dut ya zama ƙasa har ta shiga zannuwa. Ku dubi rumbunanmu na Adar, wa ya taɓa ganin an aza rumbu bisa ƙasa? Bisa duwatsu ake ɗora shi, iska na wucewa ta ƙasa, mai shi na leƙawa shi ga abin da ke tahiya. Haka za a yi ma armuwar, a yi mata ƙahwahu masu tsawo kamar santimita 15 yadda tsintsiya ka shiga, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da bango, kuma ko wane wata a leƙa da tocila. In kin ga ɗan layin ƙasa ya hau bango ki karce shi tun ranar.

Zancen gwaggonni kuwa, ɗiyata, ba a kada su da gardama. Ki sa a yi guda ɗaya mai aiki biyu, sama gilashi a jera musu abin da ido ka so, ƙasa kuma ƙohohin katako masu zurhi da kile inda za ta aje abin amfani. Kowa ya samu nashi.

Ƴar Yantala:
Hajiya wannan shawara ta yi, amma fa na san abin da zai faru, ƙasan ma kuloli za a cusa.

Hajiya ta Tawa:
Wannan kuma ya rage ga mai ɗaki. Bayan sati ɗaya da biki gwaggo ba ta dawowa ta buɗe ƙasan bitirin.

Baban Nana (Harobanda):
Ku ba ni dama in ƙara kan maganar Ƴar Yantala ta takardu don ni abin ya shafe ni kai tsaye. Lokacin ambaliyar 2020 da kogi ya ɓalle ya shigo mana nan ƙetare, Lamorde da Karaje da Kirkisoy, ruwa ya shiga gidanmu da dare, abin da mutum ke tunani a lokacin yara ne da tsofaffi ba kaya ba. Da muka dawo armuwar ɗin da aka sayo ta kwali ta zube a tsaye kamar an jiƙa biredi, ba abin da aka ɗauka a jikinta sai madubi. Tsohon teburin jan katako na mahaifina kuwa aka wanke aka shanya yana nan har yau. Amma asarar katako ba ita ta fi ciwo ba. Maƙwabta da yawa takardunsu na tiruwar ta ƙasa ko ƙarƙashin katifa, takardar haihuwa da nasiyonalite da diploma da takardar fili, duk suka zama dusa. Wanda ya taɓa bin layin meri da kotu don sake takarda guda ya san abin da nake nufi, yaro na shirin jarrabawar BEPC a ce a kawo takardar haihuwa babu. Namu sun tsira ne don uwargida ta sa su cikin ƙaramar adaka ta ƙarfe a can saman armuwar. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce takardu a ledar roba mai zif, cikin akwati guda mai hannu, a shelf na sama, kowa a gidan ya san wurin, yadda in an ce a fita mutum ɗaya zai sunkuce shi da hannu ɗaya. A kuma ɗauki hotonsu a salula a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Amarya ma a ware mata wannan wurin tun yanzu, takardar aure da karnen awo da na rigakafin yara duk suna tafe.

Uwar Biyu (Lazare):
Allah ya kiyaye gaba Baban Nana, Allah ya mayar da alheri. Wallahi ban kawo maganar takardu a raina ba sai yanzu, zan ce a yi mata ɗan gida mai kile a sama. Na kira babbar gwaggonmu na karanta mata abin da Hajiya ta rubuta, ta ce in dai gilashin zai kai faɗin da za a jera saiti shida ba ta da magana. Sai dai ta madafa ita ce har yanzu ban san yadda za a yi ba, madafar ƴar ƙarama ce a tsakar gida kuma ana raba ta da maƙwabciya.

Tanti Mai Abinci (Wadata):
Ƙanwata ta madafa kar ki sa katako ko kaɗan in dai a tsakar gida take, ruwan wanke-wanke da feshin damina za su gama da ita. Ki nemi masu aliminiyom su yi miki, ba ta tsatsa gara ba ta ci, ana wanke ta da ruwa da sabulu. Amma ki ce ƙofa mai buɗewa kike so ba mai ja ba, mai ja ɗin ƙurar hunturu na cika layin ta ƙi tafiya, kuma maimakon gilashi a gefe a sa raga irin ta sauro ta ƙarfe don iska ta ratsa. Iyayenmu ma haka suke da ita, ƴar kwaba mai raga ana sa ƙafafunta cikin gwangwanin tumatir da ruwa ko toka don kiyashi, sauran tuwo da miya su kwana ba ƙuda ba kusu. Da yadda kuran ke ɗaukewa a lokacin zafi har yanzu tana da amfani ko kana da firijo. Albasa da dankali kuwa ba a rufe su, kwando suke so a wuri mai iska, ka rufe albasar Galmi a wuri mai zafi sati ɗaya ka ji wari. Shinkafa da gero da gari a bokitin roba mai murfi, a ɗora kan katako kar su taɓa ƙasa. Kuma sabulu da omo daban, sukari da gari da ganyen shayi suna jan ƙamshi, duk mai butik ya san haka.

Madam ta Likita:
Don Allah ku saurare ni a nan da kyau, wannan ya fi maganar kyau da tsada. Ina aiki a likita kuma abin da ke kawo mana yara cikin gaggawa da yawa daga cikin gida yake fitowa. Zabel da kananzir da piya-piya da maganin kusu ana zuba su a robar ruwa ko ta lemo a ajiye a ƙasan kwaba, yaro mai rarrafe ko mai shekara biyu ya buɗe ya kurɓa. Duk abin da ke kisa a sama yake zama kuma a bayan kile, kuma kar a sauya masa roba. Magunguna ma haka, na hawan jini na kaka da na ƙarin jini na mai ciki masu kama da alewa, ba a barin su a tiruwar gefen gado.

Sai zafi. Ku duba kwalin magani, yawanci an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40 a Yamai, to armuwar ƙarfe a ɗakin kwano ko shelf kusa da murhu ba wurin magani ba ne. A nemi wuri mafi sanyi a ɗakin kwana nesa da taga. Masu allurar ciwon sukari tasu firijo take so.

Na uku ƙwayoyin kafur farare ɗin nan da ake watsawa cikin tufafi don kyankyasai. Yara na ɗauka su sa a baki, kuma akwai waɗanda aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, yana da yawa a cikinmu baƙar fata, su ko a kayan da suka sha warin aka naɗe jariri yana iya sa jininsa ya farfashe ido ya yi shawara. Kayan jarirai kar a sa musu shi sam. Busasshen ganyen dogon yaro a ƙullin ƙyalle ya fi kwanciyar hankali, ga shanya kaya a rana lokaci-lokaci.

Tanti Mai Abinci (Wadata):
Madam ki ƙara musu da ta gas. Yanzu yayi ne a yi wa butel ɗin gida a cikin kwaba a rufe don kar a gan ta. Gas ya fi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru a rufaffen wuri, a zo a ƙyasta ashana. In dole sai an sa ta ciki a huda ƙofar ta ƙasa sosai, in ba haka ba a bar ta a fili.

Madam ta Likita:
Haka ne Tanti, kin cika min.

Ɗan Bukoki a Amurka:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Abu ɗaya ban ga an taɓo ba, faɗuwar armuwar kan yara. Yaro na jawo tiruwar ya taka kamar tsani don ya ɗauko abu a sama, nauyin ya rinjayo gaba ta kife a kansa. A nan a 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga hannun jama'a saboda yara sun mutu ta haka, kuma tun daga nan ana matsa wa mutane su ɗaure su a bango. Bitirin ɗin da ake magana doguwa ce siririya ga gilashi ga tangaran a sama, ita ta fi haɗari. Malam kafinta ana iya ɗaurewa a bangonmu na gida?

Kafintan Katako:
Ana iyawa ƙanena. In bangon bulo ne na siminti a huda a sa shebi, wato ƴar robar da ke riƙe kusa, da ƙarfe mai kusurwa guda biyu a sama, aikin minti kaɗan ne, kuma ƙarfen na iya zama mai ɗan tsawo don tazarar da Hajiya ta ce a bari. Bangon laka ne ba ya riƙe kusa, nan sai a faɗaɗa gindin a sa ƙafafun gaba su ɗan fi na baya tsawo kaɗan yadda za ta jingina baya, kuma kaya masu nauyi a ƙasa marasa nauyi a sama. Wasu masu gida ba sa son a huda musu bango, a yi musu bayani, rami biyu ne da ake toshewa da siminti cokali ɗaya ranar tashi.

Mushe (Gamkalle):
Ni fa ina ganin duk wahalar nan da an bar wa maza su sayi abin da gida ke bukata da an huta, mata ne ke mayar da abin gasa.

Inna ta Zongo:
Malam wa ya hana ku? Ango nawa ka gani ya ce a rage jere shi zai yi ta madafa? Uwa ke shiga adashe shekara da shekaru don ta fitar da ɗiyarta kunya, kuma dangin namiji ne ke zuwa ƙirga kwanuka.

Mushe (Gamkalle):
Gaskiyarki Inna, a gafarce ni. Bari in koma inda na fi sani. A lekwal ɗinmu littattafan da aka kawo suna cikin kwali a ƙasan biron direkta don babu inda za a sa su, aji kuma na zana ne wasu, damina ɗaya gara ta ci kwali biyu na ƙasa. Iyayen yara sun yi karo-karo za a yi armuwar, wane iri ya dace da littattafai da rajista?

Sakatariya (Plato):
Mushe wannan fannina ne, shekaruna da yawa ina riƙe dosiye a wata ma'aikata. Ta ƙarfe za ku yi mai ƙofa biyu, a nan Mai Walda ya yi gaskiya. Amma ku ba shi awo da kanku kar ku bar shi ya ƙiyasta. Takardar A4 santimita 21 ce da 29.7, klasar mai zobe kuwa tsayinsa ya kai 32, to tsakanin shelf da shelf a bar 35, zurfi 40 ya isa. In ya yi zurfi da yawa sai a fara jera layi biyu na baya ya ɓace shekara da shekaru. Takarda na da nauyi fiye da yadda ake zato, shelf mai faɗin mita guda in ba a sa masa ƙarfe a ƙarƙashi ba zai lanƙwashe a tsakiya.

Sai dai in gaya muku, armuwar ba ta gyara biro in babu tsari. Na ga ofis mai armuwar biyar amma a nemi takardar mutum a wuni ba a samu ba, don kowa na cusawa inda ya ga sarari, tsofaffin dosiye an ɗaure da igiya an jibge a sama ƙura ta rufe su, mai takarda kuma ya taso tun daga wani gari ya biya mota a ce masa ya dawo gobe. Wannan zalunci ne ko ba da niyya ba. Abin da nake yi, kowane shelf da takarda manne a goshinsa, shekara da irin abin da ke ciki, kowane klasar da lamba a bayansa, sannan kaye guda a rataye a cikin ƙofa, duk wanda ya ɗauki dosiye ya rubuta sunansa da rana. Na bana a daidai ƙirji, na shekarun baya a ƙasa, abin da ba a cika nema ba a sama. Rasit ɗin inji masu santsi ɗin nan kuma rubutunsu na gogewa da zafi, a yi musu fotokopi tun suna sabbi. Maganar kile kuma, a yi biyu, ɗaya wurin shef ɗaya wurin wani amintacce, ba a tsayar da aikin jama'a don mutum ɗaya ya tafi misiyo da kile a aljihu. Kuma kar a ɗauka ƙarfe na hana gobara, in wuta ta yi ƙarfi takardun ciki toyewa suke ko harshen wutar bai taɓa su ba, ƴan kasuwar da suka ga gobarar ƙaramar kasuwa ta 2012 sun san abin da wuta ke yi. Rajista mai muhimmanci a ɗauki hotonta a ajiye a kwamfuta ko salula.

Mai Walda (Talaje):
Madam Sakatariya ta gama magana. Mushe ka ce a yi da tol mai kauri ba irin na ƙofar bayi ba, a huda ƴan ramuka sama da ƙasa a gefe don iska, a sa kunnen kwaɗo ban da kilen ciki don kilen ciki na kasuwa ba ya daɗewa. Ƙafa santimita 15 kamar yadda Hajiya ta ce.

Tela (Banifandu):
Tunda an shigo wurin aiki ni ma ga tawa. Gab da salla shaddodin mutane da leshi sukan cika min shago, a buhu nake tara su, wani lokaci a yi ta neman na wani ko ƙura ta ɓata farar shadda kafin a yanka. Shagon ƙarami ne, keke uku ne a ciki, babu wurin armuwar mai ƙofa don in an buɗe ta tare hanya.

Kafintan Katako:
Kai ba armuwar ƙasa kake bukata ba, bangonka na sama a banza yake. A yi maka gidaje-gidaje a bango daga saman kan mai zaune a keke zuwa kusa da rufi, kowane gida faɗi 35 tsawo 25 zurfi 40, shadda a ninke tana shiga daidai. Maimakon ƙofa a sa labule mai kauri a kan waya, ya tare ƙura bai ci wuri ba. Kowane gida ka manna masa lamba, lambar nan ka rubuta a kayenka gaban sunan mai kaya da awonsa. Wanda aka gama ɗinkawa kuma a ja ƙarfe guda a gefe a rataye cikin leda, ka bar masa zurfin 60 don kafaɗar babbar riga. In bangon shagon na kwano ne ba bulo ba ka faɗa min, sai a yi masa ƙafafu daga ƙasa a bayan kekunan.

Tela (Banifandu):
Bulo ne ta baya, gefe biyu ne kwano. Zan auna bangon bayan yau in an tashi in turo maka.